Daga Hasken Rana Zuwa Rumbu: Aikin Da Ganye Ke Yi A Gonakin Nguru Da Gashuwa

A ƙarshen watan Maris, lokacin da sanyin hunturu ya gama tattara komatsansa, masu noman rani a fadamun Gashuwa sukan shiga rige-rige da rana. Duk wanda ya makara wajen shuka alkama, har ya bari tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba suka wuce shi, ya san abin da ke jiransa: zafi zai riski alkamar tana tsaka da cika ido, ƙwayar ta motse, buhunan da aka sa wa rai su ƙi cika. Bayan wata uku ko huɗu, a jigawar da ke arewa da wannan fadama, zafin da alkama ba za ta iya jure wa ba zai sauka a kan gero, shi kuwa ya miƙe ya yi shar, ya zarce tsayin mutum kafin damina ta yi nisa.

Rana ɗaya ce ke haska su, kuma tazarar gonakin biyu ba ta wuce tafiyar ƙafa ba. Abin da ya bambanta su yana cikin ganye, a wani aiki da ido ba ya gani, wanda masana kimiyya ke kira fotosintesis, wato yadda tsiro ke kama hasken rana ya mayar da shi makamashin da ke daskare a cikin sukari. Tuwo da fura da kunu, harawar da ake ba dabba, itacen da ake banda kifi da shi, har da kifin kansa, duk daga wannan aiki suka samo asali. A yanki irin Nguru da Gashuwa, inda ruwan sama ke sauka cikin wata uku zuwa huɗu kacal, zafi kuma ke haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyas a watannin Afrilu da Mayu, sanin yadda aikin ke gudana yana bayyana dalilin cikar rumbu da dalilin ramarsa.

Daga ina nauyin dami ke fitowa?

Idan aka tambayi mafi yawan mutane inda gero ya samo nauyin karansa da zangarniyarsa, amsar da za ta fara zuwa ita ce daga ƙasa. Haka masana suka ɗauka shekaru aru-aru, har sai da wani likita mai suna Jan van Helmont, mutumin yankin da ake kira Beljiyam a yau, ya gwada abin a aikace. Ya dasa ɗan itace mai nauyin kimanin kilo 2.3 a cikin tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 91, ya yi ta ba shi ruwa tsawon shekara biyar. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kimanin kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. An wallafa sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi dai ya yanke hukuncin cewa ruwa ne ya zama itace, kuma ya yi rabin gaskiya.

Sauran rabin ya bayyana ne sannu a hankali. A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya lura cewa reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin rufaffen gilashi. A 1779 Jan Ingenhousz, ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa wannan gyara ba ya faruwa sai da haske, kuma sassan tsiro masu launin kore ne kaɗai ke yin sa. A 1804 Nicolas de Saussure na Suwizalan ya tabbatar ta hanyar awo cewa nauyin tsiro na fitowa daga iskar kabon dayoksaid haɗe da ruwa. Sai a 1845 Julius Robert Mayer, wani likita Bajamushe, ya faɗi jigon maganar ƙarara, cewa tsiro yana kama makamashin haske ne ya adana shi a siffar sinadari.

Akwai shaidar wannan a kowane gida da ake girki da kara. Idan aka ƙona damin busasshen karan gero, tokar da ke saura ba ta cika wuce kashi ɗaya bisa goma na nauyinsa ba. Wannan toka ita ce mafi yawan ma'adinan da tsiron ya zuƙo daga ƙasa. Sauran nauyin ya tashi sama ya koma iska da tururi, inda ya fito tun farko, zafin da ya dafa tukunya kuwa hasken ranar daminar da ta wuce ne aka kwance daga ɗaurinsa.

Matakin farko: kama haske

A cikin kowane koren ganye akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta, a cikin da yawa daga cikinsu kuma akwai wasu ƙananan jakunkuna da ake kira kuloroplas, waɗanda ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. Cikinsu cike yake da siraran fatu da aka jera kamar tulin faifai, kuma a jikin waɗannan fatu ne sinadarin kulorofil yake. Hasken rana, wanda ke ɗaukar minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso duniya, gamayyar launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Kulorofil yana shanye ja da shuɗi sosai, yana barin wani kaso na koren ya dawo ga ido, shi ya sa ganye yake kore.

Da zarar haske ya faɗa kan kulorofil, sai ya zaburar da wata ƙaramar ƙwayar lantarki da ake kira ilektiron, ta fice daga mazauninta ɗauke da ƙarfin hasken. Dole a cike gurbin da ta bari, kuma tsiro yana cike shi ne ta hanyar fasa ruwan da saiwa ta janyo. Duk ƙwayar ruwa biyu da aka fasa suna ba da ilektiron huɗu, da ƙwayoyin haidurojin huɗu, da ƙwaya ɗaya ta iskar oksijin. Oksijin ɗin ya fi ƙarfin buƙatar ganyen, sai ya fice waje, kuma shi ne mutum da dabba ke shaƙa. Masana biyu a Amurka, Samuel Ruben da Martin Kamen, su ne suka tabbatar a 1941 cewa wannan oksijin daga ruwa yake fitowa.

Su kuwa ilektiron ɗin da suka fice, ana miƙa su daga wannan sinadari zuwa wancan a jere, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna bulo a wurin gini. A kowace miƙawa ana amfani da wani ɓangare na ƙarfinsu wajen tura ƙwayoyin haidurojin zuwa gefe ɗaya na fatar, har su taru su yi yawa, tamkar ruwan da aka tare a bayan madatsa. Hanyar komawarsu ɗaya ce tak, ta cikin wata ƙofa mai juyawa, kuma juyawar wannan ƙofa ce ke ƙera sinadarin ATP. A ƙarshen layin, bayan haske ya sake zaburar da su karo na biyu, ilektiron ɗin sukan sauka a kan wani sinadarin da ake kira NADPH. Waɗannan biyu sun yi kama da batirin waya: ana caja su da haske, a yi aiki da su nan take, su dawo a sake cajawa. Ba sa ajiyuwa, saboda haka tilas ne a zuba ƙarfinsu cikin wani abu mai daɗewa.

Mataki na biyu: ƙulla sukari daga iska

Abin nan mai daɗewa shi ne sukari, kuma ana gina shi ne da kabon da aka ɗebo daga iska. Kabon dayoksaid kaɗan ne ƙwarai a sararin samaniya, kimanin kashi 0.04 cikin 100, wato ƙwaya huɗu cikin kowace dubu goma. Yana shiga ganye ta wasu ƙananan ƙofofi da ke warwatse a fatarsa, masu buɗewa da rufewa.

A ciki, wani furotin mai suna Rubisko, wanda masana ke ɗauka a matsayin furotin mafi yawa a doron ƙasa, yakan kama kabon dayoksaid ya manna shi a jikin wani sinadari mai kabon biyar. Abin da ya samu mai kabon shida ba ya tsayawa, nan take yake rabewa gida biyu, kowanne da kabon uku. Daga nan ATP da NADPH suke zuba ƙarfinsu a kan waɗannan gutsattsari, su mayar da su ƙaramin sukari. Kashi ɗaya cikin shida na wannan sukari ne ke fita a matsayin riba, sauran biyar ɗin a sake sarrafa su su koma sinadarin nan mai kabon biyar, domin zagayen ya ci gaba. Melvin Calvin na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa ne suka warware wannan zagaye, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1961. A dunƙule, ƙwaya shida ta kabon dayoksaid da shida ta ruwa suna ba da ƙwaya ɗaya ta sukarin gulukos da shida ta oksijin.

Sukarin ba ya zama a ganye. Yana bin jijiyoyi zuwa saiwa da kara da fure. Wanda aka saƙa ya yi tsauri shi ne karan da ake yin danga da zana da shi, wanda aka tara a ƙwaya ya zama sitaci shi ne gari, wanda ya tsaya a ruwan kara kuma shi ne zaƙin rake da takanɗa. Ƙaron da ake tsinka a jikin dakwara, wanda ya daɗe yana cikin hajojin da suka yi wa Nguru suna tun bayan isowar jirgin ƙasa daga Kano a 1930, shi ma wani nau'in sukari ne da itacen ya ƙulla daga iska da haske.

Duk da wannan tsari, rabon da tsiro ke kamawa daga hasken da ya sauka a gona ƙarami ne. Lissafin masana ya nuna iyakar abin da zai yiwu bai wuce kashi 4.6 zuwa 6 cikin 100 ba, a gonaki na zahiri kuwa da wuya ya haura kashi 1 zuwa 2. Farantin sola da ke juya famfon ban-ruwa yana kama kimanin kashi 20. Sai dai faranti ba ya gina kansa, ba ya haihuwar iri, kuma wutarsa ba ta zama a rumbu har shekara.

Cinikin ruwa da iska

Matsalar manomin Yobe ta Arewa ba ta rashin haske ba ce, domin yankin yana cikin wuraren da suka fi samun rana a Najeriya. Matsalar tana bakin ƙofofin nan na ganye. Duk lokacin da suka buɗe domin kabon dayoksaid ya shiga, tururin ruwa yana fita ta nan. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ke janyowa ta wannan hanya yake salwanta, wanda ake fasawa a cikin kuloroplas kuwa ɗan ƙalilan ne. Idan ƙasa ta bushe, tsiro yakan rufe ƙofofin domin ya tsira da ransa, kuma da rufe su ƙullin sukari yake tsayawa, komai ƙarfin rana.

Wannan shi ne abin da ke faruwa idan ruwa ya ɗauke na sati biyu ko uku a tsakiyar damina, aka ga ganyen gero ya naɗe da tsakar rana. Gonar tana nan kore, amma aiki ya tsaya a cikinta. Idan tsayawar ta faɗo daidai lokacin fitar da kai ko cika ido, asarar ba ta ramuwa ko da ruwan ya dawo. Dattawan yankin da suka ga farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun san ƙarshen wannan lamari idan ya tsawaita.

Zafi yana ƙara wata wahalar. Rubisko yana da rauni guda: wani lokaci yakan kama oksijin a maimakon kabon dayoksaid. Idan haka ta faru, tsiron sai ya kashe makamashi wajen gyara kuskuren, har ya saki wani ɓangare na kabon da ya riga ya kama. Kuskuren yana ƙaruwa idan zafi ya tsananta, musamman idan ƙofofi na rufe, oksijin ya taru a ciki, kabon dayoksaid ya ragu. A alkama da shinkafa da wake da gyaɗa, waɗanda masana ke kira rukunin C3 saboda gutsuren nan mai kabon uku, asarar na iya kai kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka kama a rana mai zafi.

Sirrin gero da dawa

Gero da dawa da masara da rake sun sami mafita daga wannan tarko. A 1966 masana biyu a Ostareliya, Marshall Hatch da Roger Slack, suka fayyace yadda abin yake bayan bincike a kan rake. A waɗannan tsirrai, wani furotin dabam wanda ba ruwansa da oksijin shi ne ke fara kama kabon dayoksaid a ƙwayoyin da ke kusa da fatar ganye, ya ɗaure shi a sinadari mai kabon huɗu, wanda ya sa ake kiran rukunin C4. Daga nan ake tura shi zuwa wasu ƙwayoyi masu kaurin bango da suka kewaye jijiyoyin ganyen, inda Rubisko yake a killace, a sake shi a can. Ta haka Rubisko ke samun kansa cikin yalwar kabon dayoksaid, kuskurensa ya kusan gushewa.

Fa'idar biyu ce. Tsiron yana ci gaba da aiki a zafin da ke durƙusar da alkama, sannan ba ya buƙatar wangale ƙofofinsa, don haka yana samar da nauyi iri ɗaya da kimanin rabin ruwan da tsiron C3 zai sha. Tsirran C4 ba su wuce kashi 3 cikin 100 na nau'o'in tsirrai masu fure ba, amma suna yin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na dukkan fotosintesis da ake yi a tudu. Binciken masu tonon tarihi a kwarin Tilemsi da ke Mali ya nuna an riga an fara noman gero a Sahel kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Manoman farko sun zaɓi abin da ya dace da ƙasarsu tun kafin a san sunan dalilin.

Wannan dabara tana da farashi, domin turin kabon daga ƙwaya zuwa ƙwaya yana cin ƙarin ATP. A cikin sanyi, lokacin da Rubisko ba ya yawan kuskure, ƙarin kashewar ba ta da riba, sai alkama ta fi gero kuzari. Shi ya sa kalandar noman yankin ta tsaru yadda take: gero da dawa a damina, alkama a hunturu. Shinkafa kuwa, duk da tana rukunin C3, tana jure zafin fadama ne saboda ƙafarta na cikin ruwa, ƙofofinta na buɗe, tururin da ke fita yana sanyaya ganyenta. Ita ma tana da iyaka. Wani bincike da aka wallafa a 2004 daga Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ya gano cewa amfanin shinkafar rani na raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafin dare, kuma daga cikin dalilan da ake dangantawa da hakan akwai yadda tsiro ke ƙona sukarinsa da dare domin numfashi. Masana na ƙasashe da dama sun shafe shekaru tun 2008 suna ƙoƙarin dasa tsarin C4 a cikin shinkafa, kuma har yanzu aikin yana ɗakin gwaji. A gida, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka ɗora wa alhakin inganta gero da alkama, ta fitar da irin geron SOSAT mai saurin nuna, wanda ke kammala cika ido kafin ruwa ya ɗauke.

Taki, ƙuduji da ambaliya

Kowace ƙwayar kulorofil tana da maganiziyam a tsakiyarta, kewaye da naitirojin huɗu, Rubisko kuma shi ne ke cinye kaso mai tsoka na naitirojin ɗin da ke cikin ganye. ATP ba ya ginuwa sai da fosforas. Ƙasar jigawa mai yashi tana da ƙarancin naitirojin da fosforas duka, don haka idan manomi ya ga ƙananan ganyen geronsa sun yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, abin da yake gani shi ne tsiron yana kwance kulorofil na tsofaffin ganye domin ya ciyar da sababbi. Takin yuriya ko kashin dabbobi ba abinci ba ne ga tsiro, kayan aiki ne da yake gina masana'antar abincin da su. Tsadar takin zamani a 'yan shekarun nan tana nufin hasken rana mai yawa yana sauka a kan ganyen da ba su da ƙarfin kama shi.

Ayyukan gona da dama da aka gada suna da bayani a nan. Noman firi da maimai suna hana ciyawa tare wa shuka haske da ruwa. Rage tsiro a rami yana hana su yi wa juna inuwa. Figar ganyen dawa domin dabbobi tun zangarniya ba ta cika ba tana rage masu aikin da ke ciyar da ƙwayar. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana manne wa saiwar gero da dawa yana zuƙe ruwa da sukari tun yana ƙarƙashin ƙasa, kuma yana raunana fotosintesis na tsiron da ya kama, shi ya sa ɓarnarsa ke riga furensa bayyana.

Yawan ruwa ma yana tsayar da aikin. Iska tana ratsa ruwa da jinkirin da ya ninka na sarari sau kusan dubu goma, ruwan ambaliya mai laka kuma yana tare haske. Shinkafar da ruwa ya shanye kanta takan ƙone ajiyarta ta mutu cikin kwanaki, kamar yadda manoman Bade suka gani a ambaliyar 2022. Irin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka amince da su a Najeriya a 2017, suna ɗauke da wata ƙwayar gado da ke sa tsiron ya dakatar da girma ya tattala sukarinsa, har ya iya jure nutsewa na kimanin sati biyu.

Kacala: haske ɗaya, wani mai cin moriya

Dausayin Haɗeja da Nguru ya rayu ne bisa tsarin cika da janyewa. Kogunan Haɗeja da Jama'are sukan malala a damina, su ja da baya a rani, su bar danshi ga manomi, ciyawa ga makiyayi, kifi ga masunci. A cikin ruwan, gansakuka da ƙananan tsirran da ido ba ya gani suna yin fotosintesis iri ɗaya da na ganye, su ne abincin ƙwari da ƙananan kifaye, waɗanda su kuma ke ciyar da tarwaɗa da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona. Muhimmancin wurin ne ya sa aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, wuri na farko a Najeriya.

Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992 ya sauya wannan tsari. Ruwan da a da yake zuwa ya wuce ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma wannan shi ne yanayin da ciyawar kacala ke so. Da ruwa a ƙafarta kullum, da rana a kanta kullum, ba ta da lokacin rufe ƙofofi. Dogayen ganyenta a tsaye suke, haske na ratsa su har ƙasa, rarar sukarin kuma tana tara shi a matsayin sitaci a cikin kaurin saiwarta da ke kwance a laka. Shi ya sa ko an ƙone ta take sake tohowa. Ta mamaye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mafakar tsuntsun jan-baki, ta kuma haɗu da laka ta toshe hanyoyin ruwa, har ruwa ya riƙa karkata zuwa ɓangaren Marma da Nguru yana cin gonaki, alhali wasu rassan kogin suna ƙafewa.

Sanin yadda take rayuwa ya nuna lagonta. Saiwar kacala tana samun iska ne ta cikin ramukan ganyenta, saboda haka idan aka yanke ta ƙasa da saman ruwa, aka kuma maimaita kafin ta farfaɗo, saiwar takan rasa iska da sabon sukari ta ruɓe. Akwai kuma masu ganin tunda makamashin rana ne ta tara, a ci moriyarsa. A Senegal da Muritaniya ana mayar da ita gawayi. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta yi aiki da jami'o'i daga Sifen da Amurka, ƙarƙashin shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya, wajen gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki.

Darasin gawo

A jigawa, itacen da ya fi nuna yadda ake raba haske ba tare da rigima ba shi ne gawo. Saɓanin sauran itatuwa, yana zubar da ganyensa a damina, ya bar rana ta sauka a kan geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki mai naitirojin. Idan kaka ta wuce, gonaki suka zama fili, sai ya yi sabon ganye, yana jan ruwa daga zurfin ƙasa da doguwar saiwarsa, ya ci gaba da kama hasken da in ba shi ba zai faɗi a kan yashi a banza, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa a tsakiyar rani. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, manoma da suka riƙa barin kututture da tsiron itatuwa su girma a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar.

Yobe tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Najeriya, amma gatarin masu itace da gawayi bai huta ba, domin girki da bandar kifi duk da itace ake yin su. Kowane itacen da aka sare ajiyar hasken shekaru ne da za a ƙone cikin 'yan kwanaki, kuma filin da ya bari zai shafe wata takwas na rani ba tare da ganye ko ɗaya da zai kama rana ba. Hausawa na cewa damina uwar albarka. A Nguru da Gashuwa daminar gajera ce, ranar kuwa tana nan duk shekara, kuma yawan abin da zai shiga rumbu ya dogara ne ga yawan koren ganyen da aka tanadar mata, da ruwa da takin da za su bar ƙofofinsa a buɗe.